Na Ci Iri, Ban Tuba Ba

Bari in tona wa kaina asiri kafin Saje Audu ya riga ni, don bakinsa kwando ne, ba ya riƙe ruwa. Ni Bawa, da furfurata da jikokina, na yi mako uku a daminar bana ina rigima da mutanen da ban taɓa gani ba, waɗanda ba su ma san akwai wani gari Zuru a duniya ba. Ba a kan iyakar gona ba, ba a kan akuyar da ta shiga rogon wani ba. A kan wasan waya. Har tuwo na bari ya huce. Mutumin da ya bar makaranta a aji uku, ranar da malam ya ce ya rubuta sunansa a allo shi kuma ya zana zakara, shi ne yau yake aika wa Turawa martani.

Laifin ruwan sama ne. Bana ya sauko da wuri kamar abin kirki, muka yi shuka, dawa ta fito har ta yi ganye uku, sai ya ɗauke. Kwana ashirin da 'yan kai ba ko yayyafi. Da hantsi hadari ya haɗo ta wajen Dirin Daji, baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta taso ta kaɗa shi ya watse. Ƙasa ta yi tauri, ciyawa ma ta ƙi fitowa, balle a ce a tafi noma. Sai zaman gindin mangwaro a ƙofar gida, ni da Saje Audu, abokina tun muna samari, wanda ya yi soja ya dawo da gwiwa ɗaya mai ciwo da baki mai lafiya. Mu kalli sama, mu kalli juna, mu yi tsaki.

'Yata Rifkatu, da ke koyarwa a wata firamare a Rikoto, ita ta ga zaman ya yi mini yawa. Ta karɓi tsohuwar wayar da ta ba ni, ta ɗan danne-danne, ta miƙo mini.

"Baba, ga abin da zai hana ka zagin hadari."

Wasan ba irin na harbe-harben nan ba ne. Ba magana a cikinsa, ba rubutu, shi ya sa ma ya karɓe ni. Wata 'yar halitta ce mitsitsiya, ba ta da fuska, ba a san mace ce ko namiji ba, da gora rataye a wuyanta. Ƙasar da take ratsawa duk toka-toka ce, itatuwa sun bushe, rijiyoyi sun ƙafe, gidaje ba kowa. Ba abin da kake ji sai iska da takun ƙafarta, wani lokaci can nesa a taɓa tsirkiya ɗaya kamar ta gurmi, a yi shiru. Aikinka ka kai ta gaba. Ta tsallake rami, ta hau dutse, ta turo gungume ta taka, ta ja igiya wata ƙofa ta buɗe. Wani wurin sai ka yini kana tunani kafin ka gane ashe dutsen da ka baro a baya shi za ka mirgino. In ta faɗa rami, ba jini ba kuka, fuskar wayar ta yi duhu, sai ka gan ta ta dawo inda ta taso. Rifkatu ta ce mutum biyu ne kawai suka ƙera wasan a ɗakinsu, ba wani babban kamfani ba. Na ce to ko dai sun san fari, ko kakarsu ta ba su labari.

A cikin goran akwai ƙwayar iri guda tara masu ɗan haske. Tafiya na nisa, 'yar halittar na raunana. Tsallenta ya rage, ta riƙa jan ƙafa, in ta tura gungume sai ta durƙusa tana haki. In ka danna goran, sai ta ciro ƙwaya ɗaya ta ci, nan take ta miƙe. A ƙarshen tafiya kuma akwai wani fili da ake shuka abin da ya rage. Wanda ya isa da tara, filin ya zama daji kore shar. Wanda ya isa da kaɗan, ya ga tsiro kaɗan.

Ni da uku na isa, bayan kwana shida. Tsiro uku suka fito, ruwa ya sauko a kansu, 'yar halittar ta zauna a gefe ta miƙe ƙafa. Na ajiye wayar na ce madalla, an yi noma.

Saje ma ya gwada da yatsunsa masu kama da rogo. Kafin ya kai rabi ya cinye tara duka.

"Wanga wasa ba shi da kan gado," in ji shi. "Ba bindiga, ba oga, ba wanda zai ce maka hagu ko dama. Abinci na wuyanka kana jan ƙafa? A bariki abin da ke hannunka yau shi ne naka."

Da nan maganar ta tsaya da ba a ji kaina ba. Ranar Asabar Rifkatu ta zo, ta nuna mana ashe a ƙarƙashin wasan akwai wurin da duk wanda ya buga yake rubuta ra'ayinsa, ya ba da taurari daga ɗaya zuwa biyar. Ta zauna a kan turmi tana karantawa da Turanci tana juya mana. Wani ya ce wasan ya yi gajarta. Wata ta ce ta yi kuka a ƙarshe, ba ta san dalili ba. Wani ya ba da tauraro ɗaya, wai tsallen karyayyar gada zalunci ne, ya kusa jefa wayarsa a bango.

"Wanga ɗan'uwana ne," in ji Saje. "A gaishe shi."

Sai ta zo kan wani dogon rubutu da mutane da yawa suka ɗaga wa yatsa. Mai shi ba shi da suna sai haruffa da lambobi, hotonsa kuma kyanwa ce, don haka na raɗa masa Mai Kyanwa. Ya ce duk wanda ya ci ko ƙwaya ɗaya bai fahimci wasan ba. Wai wasan awo ne na halin mutum, kuma masu cin iri su ne raunana, masu sayar da gobe don yau. Wai da haƙuri kowane rami ana tsallake shi ba a ci komai ba, shi da taransa ya isa, a gwaji na goma sha huɗu.

Kunnena ya yi zafi. Saje ya dube ni ya kwashe da dariya har yana dukan gwiwar mai ciwo, don ya san inda aka taɓa.

A wajenmu, zamanin da muke samari, golmo ake yi kafin a ba ka mata. Saurayi ya yi wa uban yarinya noma damina bakwai, shi da ƙungiyar abokansa, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. In ka cika bakwai, matarka ta tare. In ka yi abin kunya a tsakani, uban yarinya na iya cewa ya fasa, shekarunka sun bi ruwa, ba wanda zai tsaya maka. Ina damina ta bakwai a gonar Baba Manga, uban Ladi da nake nema, can kan tudu inda dutse ya fi ƙasa yawa, shekarar yunwar nan ta zo.

Kakar da ta gabata ba a sami abin kirki ba, rumbuna suka ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Zafin bazarar kuwa, in ka taka dutse da rana sai ka ji kamar kaskon tuya. Rafin da ke gangare ya koma yashi, mata na tona rami da ƙwarya su zauna suna jira ruwa ya tsattsafo, tulu ɗaya tun fitowar rana har hantsi. Ruwan farko ya zo, muka yi shuka, ta fito ta ƙone. Na biyu ya zo, muka sake, rana da tsuntsaye suka raba. Iri ya kusa ƙarewa a tudun gaba ɗaya.

Ga yadda yini yake tafiya. Da safe garin ɗorawa a dama da ruwa, rawaya, mai ɗan zaƙi, ya cika ciki na ɗan lokaci ya bar ka da ƙishi. Da rana 'ya'yan kaɗanya, in wani bai riga ka gindin ba, har wadda ba ta nuna ba ana binne ta a toka ta yi laushi. Da yamma ganye, kuka ko zogale ko yaɗiya, a dafa da kanwa, a barbaɗa dusa a kai don ido ya ɗauka tuwo ne. Ido ya yarda, ciki bai yarda ba. Dutsen niƙa ya yi shiru a gidaje, turmi ya kife. Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai san irin tsoron da ke cikin safiyar da ba a jin daka ba. Karnuka ma sun daina haushi, sai su bi ka da ido.

Golmo dai bai tsaya ba. Mu takwas ne a ƙungiya, har da Audu, lokacin bai zama Saje ba. Tun da ba ciyawar nomewa, Baba Manga ya sa mu jera duwatsu a gicciyen gangare, don in ruwa ya zo kada ya kwashe ƙasa. Dutsen da mutum ɗaya ke ɗauka bara, bana mutum biyu ne, su ma sai sun huta a hanya. A al'ada suruki ne ke ciyar da 'yan golmo, tuwo a akushi da burkutu a tulu, ana aiki ana waƙa ana zagin wanda ya rage a baya. Shekarar nan ruwa ake kawo mana da ban haƙuri. Waƙa ma ta ɗauke, don waƙa da ciki ake yin ta.

Wata rana da muka tashi, Baba Manga ya kira ni bayan rumbu. Mutum ne dogo, mai ƙarancin magana, in ya dube ka sai ka tuna laifin da ka yi shekara uku baya. Ya nuna mini wata tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Irin jar dawarsa na ƙarshe ne a ciki, gauraye da toka don ƙwari.

"Bawa, kai wannan ɗakinka. Gidana bakuna sun yi yawa. Kada a buɗe sai ruwa ya zauna."

Na ɗauka ina tafiya ina buɗa kafaɗa. Duk samarin tudun nan ni aka zaɓa. Na tura ta ƙarƙashin gadon kara a ɗakina, na ja buzu na rufe.

Kwana tara na riƙe amana, kuma ina so a rubuta mini wannan a wani wuri, don ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya kwana a kan dawa da ganyen kuka a cikinsa. A na goma, Ladi ce ke kawo mana ruwa gona. Yarinyar da ke hawa tudun nan da tulu a ka tana yi mana ba'a, tana cewa garmata ta fi ni ƙiba. Ranar ta kai rabin hawa ta tsaya, ta zauna a ƙasa kamar an zare mata ƙashi. Tulun ya gangara ya fashe, ƙasa ta shanye ruwan kafin in iso. Leɓenta ya yi fari. Na kama wuyan hannunta na ji kamar karan dawa. Ashe rabonta take tura wa ƙannenta da uwarta mai goyo, ita ta tauna ganye ta ce ta ƙoshi.

"Kada ka gaya wa Baba," ta ce. "Jiri ne kawai."

Da la'asar na koma gida na sa wuƙa na ɓare lakar. Ƙoƙo ɗaya na ɗiba. Ba halin in ba innata ta niƙa, don za ta tambaya. Na tafi bayan tudu na sami falalen dutse, na durƙusa na yi niƙa da kaina, ƙato da gemu yana murza dawa yana waige-waige kamar ɓarawon kaza. Na dama kunu a wani fasasshen kasko, ba tsamiya ba komai, na zuba a gora na kai mata rafi inda take jiran ruwa. Ta leƙa goran. Kunun ja ne, kuma duk tudun nan gida ɗaya ne ke da dawa mai wannan ja. Ta ɗago ta dube ni. Ta kafa kai ta shanye.

To murfin da aka buɗe sau ɗaya ya san hanya. Gobe na sake, jibi na sake. Audu ya faɗi a gona da dutse a hannu, shi ma na ba shi. Innata ta fara kumburin ƙafa, na ce mata wani aboki ne ya ba ni gari. Kuma kada in yi wa Allah ƙarya, ni ma na sha. Mai dama kunu ai sai ya ɗanɗana, ni kuwa ɗanɗanona daga ludayi uku yake farawa.

Ga inda wautar take. Duk sanda na ɗiba, sai in juye sauran dawar a buzu, in zuba yashin rafi a gindin tukunya, in mayar da dawa a sama, in barbaɗa toka, in sake liƙewa da laka. In ɗaga in ji nauyi bai ragu ba, in ce Bawa, kai dai Allah ya yi maka kai. Wayona ya tsaya a nauyin tukunya. Ko sau ɗaya ban yi tunanin ranar da za a juye ta ba.

Ruwa ya zo wata rana da azahar. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga wani wuri, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, sai aka yi wata tsawa da ta girgiza tudun. Ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Mutane suka fito tsakar gida suka tsaya a cikinsa da baki a buɗe, tsofaffi na kuka, ba a gane hawaye da ruwa. Kwana uku yana yi yana hutawa. Duwatsun da muka jera suka riƙe ƙasa, ruwa ya kwanta a bayansu. Kowa na murna. Ni kaɗai ne a tudun nan nake kallon sama ina cewa da ka ɗan ƙara jinkiri.

Safiya ta huɗu Baba Manga ya aiko a kawo tukunya gona. 'Yan golmo duk suna nan da sungumi, mata na riƙe da ƙoƙuna za su bi baya suna jefa iri. Ya shimfiɗa buzu, ya fasa lakar da gindin wuƙa, ya karkata tukunyar. Dawa ta zubo, ja, kyakkyawa. Sai ta ƙare. Sai yashi ya biyo, yana zuba, yana zuba, har ya yi tudu ya fi na dawar. Can wani ya fashe da dariya. Audu ne, da kununa a cikinsa. Daga ranar sunana ya koma Bawa Yashi, har yau in ka shiga kasuwa ka ce Bawa kawai, sai a ce maka wanne.

Aka tara dattawa a gindin tsamiya. Ƙanen Baba Manga ne ya riƙe magana. Ya ce ɓarawon akuya ya ci yau ne, ɓarawon iri ya ci baɗi. Ya ce shekaruna bakwai sun zube, sai fa in na durƙusa na ce na tuba na yi nadama, na kuma faɗi waɗanda suka ci, sannan a duba. Durƙusawa na durƙusa, don manya ne. Ina hango ƙafar Ladi ta ƙarƙashin zana, tana laɓe tana ji.

Na ce, "Ni na buɗe, ni na ci, ni kaɗai. Hukunci naku ne. Amma in ce na yi nadama, bakina ba zai iya ba. In aka mayar da ni ranar, zan sake buɗewa."

Babana ya taso zai mare ni aka riƙe shi. Abin da ya kira ni da yarenmu ba zai rubutu ba. Kowa ya juya yana jiran Baba Manga. Ya ce, "Gona na jira. In an yi girbi a yi magana." Ya tashi.

Haka na shiga daminar, ban san ko ina noma wa surukina ba ne ko wa uban matar wani. Abin da ya rage na iri bai rufe rabin gona ba, duk da an buɗa tazara. Sai na ji labari wasu ƙauyuka a hanyar Mahuta ruwa ya riga zuwa musu, dawarsu ta kai gwiwa, suna rage ta. Na ce wa Audu, dariyar da ka yi za ka biya ta da ƙafa. Mu fita gari na wayewa, mu isa rana tsaka, mu bi gona gona muna roƙon tsiron da suka cire za su zubar wa awaki. Wasu su ba mu, wasu su ce ai ku ne na tudun da aka shuka yashi, don labari ya riga mu. Mu naɗe saiwar da laka da ganye, mu ɗauro a ka, mu dawo mu datse kan ganyen mu dasa kafin duhu, ruwa na dukanmu. Sau biyar muka yi. Tafin ƙafata ya tsage har ina cusa masa man kaɗanya. Yunwa kuwa ba ta tafi don an yi ruwa ba, ruwa ba tuwo ba ne. Tafasa dai ta fito, da rama, muka ci har muka fara wari irin na awaki.

Dashen wani ya kama, wani ya mutu. Da kaka rumbun Baba Manga ya kai ƙugu, bai cika ba, amma ba wanda aka binne a gidan. Aka koma gindin tsamiya. Aka sake cewa in tuba, na sake cewa a'a. Baba Manga ya ce in ƙara damina ɗaya. Na yi ta ni kaɗai, don ƙungiya ta watse, kowa ya ɗauki matarsa, Audu ya shiga soja. Bayan ta takwas Ladi ta tare. Ita ce uwar Rifkatu, ita ce kuma ke leƙowa daga kicin ranar Asabar ɗin nan tana tambayar me aka yi wa tsoho yake huci.

Na ce wa Rifkatu, "Buɗe wurin rubutun. Taurari biyar na masu ƙera wasa ne, sun yi aiki. Sauran na Mai Kyanwa ne. Rubuta. Ni Bawa Yashi daga Zuru, da uku na isa. Kai da ka isa da tara, sannu da ƙoƙari. Amma faɗa mana sau nawa 'yar halittar ta faɗi a hannunka kafin ka kai. A wajenmu wanda ya faɗi ba ya dawowa inda ya taso. Ni na ci iri da bakina, ba a waya ba, kuma wadda na ci dominta ga ta nan tana yi mini faɗa."

"Baba, in ɗan sassauta?"

"In kika sassauta na sani. Zan sa Saje ya karanta."

"Ni da Turancina na fareti?" in ji Saje. "Hagu, dama, tsaya. Shi ke nan."

Bayan kwana biyu Mai Kyanwa ya amsa. Da ladabi, ba laifi. Ya ce ranka ya daɗe, wasa ne kawai, amma koren daji shi ne ƙarshen gaskiya, sauran na waɗanda suka kasa ne. Na ce a gaya masa in koren daji ne kaɗai gaskiya, me ya sa masu wasan suka saukar da ruwa a kan tsirona uku? Ya ce tausayi ne. Na ce a'a, sun san noma ne, kai ne ba ka sani ba. Ya kawo maganar haƙuri, na ce an ce mai haƙuri kan dafa dutse ya sha romo, to ni na ɗauki dutse damina takwas, ban ga romo ba sai kanta a hannu. Rifkatu ta sha wahalar juya wannan.

Wasu suka shigo. Wata ta ce ta koma ta sake bugawa, ta ci iri biyu ba tare da jin kunya ba, kuma ta fi jin daɗin tafiyar. Wani ya ce ni da Mai Kyanwa duk mun ɓata wasa da surutu, shi kiɗan kawai yake so. Wani kuma ya ce ba wani tsoho a Zuru, wani ne ke wasa da hankalinsu. Wannan ya fi ƙona ni. Na buɗe tafin hannuna na ce Rifkatu ta ɗauki hoto ta aika masa, ta ce wurin ba ya karɓar hoto.

Ladi ta dire kwano a gabana. "Ci tuwonka, Baban Rifkatu. Shi wannan Baturen golmo kake yi masa? 'Yarsa zai ba ka?"

Mako uku muna haka. Bai sauko ba, ban sauko ba. Sai ruwa ya dawo wata Talata da yamma, ya kwana biyu yana yi, ciyawa ta taso kamar an kira ta. Na rataya waya na ɗauki fartanya. In Mai Kyanwa ya ɗauka shi ya yi nasara, ya zo Zuru ya faɗa mini a gona.

Abu ɗaya ne ban sa an rubuta musu ba, ko Rifkatu ban gaya wa ba. Ranar ƙarshe ta girbin damina ta takwas, ni da Baba Manga ne kaɗai a kan tudu muna ɗaure dami. Na danne na ƙarshe da gwiwa ina jan igiya, shi yana tsaye a kaina. Bai dube ni ba, gonar yake kallo. Da yarenmu ya faɗa, ga shi da Hausa yadda na iya.

"Ina da 'ya'ya maza biyu masu jin magana, ban ba su tukunyar ba. Ni hannuna ba zai iya buɗe ta ba, kuma ina kallon 'yata tana ƙarewa. Na san wanda na ba. Daminar nan da ka ƙara ba ta dawa ba ce, Bawa. Ta yashin ce."